Muryar da na gyara har mai ita ya ɓace

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ina da ɗan sitidiyo a Zango nan Zinder, ban yi lakwal, wato karatun boko, mai nisa ba, aikin ma da ido na koye shi. Ordinata tawa, wato kwamfuta, tsohuwa ce, in ta cika sai ta ƙame, ga kuran, wutar lantarki ke nan, yana zuwa yana tafiya. Shi ya sa in na gyara wa mawaƙi murya da ototun, wato abin nan da ke miƙe murya in ta kauce, sai in fitar da gyararriyar in share ta asali don in samu wuri. Haka nake yi wa kowa, ba wanda ya taɓa tambaya.

Akwai aminina, mawaƙin biki ne daga Mirriya, tare muka tashi. Muryarsa ta tsufa, in ya ja baiti tana rawa tana karcewa. Ya zo ya yi wa ɗiyarsa waƙar aurenta, ya ce in gyara sosai don kar samari su yi masa dariya. Na ce masa rawar nan ita ce daɗin, ya ce ni aka haifa da muryar ko shi, in yi aikina kawai. Na miƙe ta tas, na fitar, na share ta asalin. Kafin biki Allah ya yi masa rasuwa, aka ɗaga auren.

Yanzu bikin ya matso. Yarinyar ta zo da kile ɗinta, wato filashin ajiye waƙoƙi, na sa mata waƙar, ta saurara har ƙarshe, sai ta ce Kawu wannan ba Babana ba ne, ka ba ni wadda yake karcewa. Na ce ta je ta dawo. Na kai ordinatar wajen masu gyara ko za su dawo da ta asalin, sun ce wasu waƙoƙin sun riga sun hau kan wurin. Ita kuma gyararriyar ba ta komawa, kamar a ce a tsame nono daga fura.

Ƙanen marigayin muryarsu iri ɗaya ce, ya ce zai rera in ɗora a kan kiɗan mu ce mata ta asalin ce. Da na yi gardama ya ce ni na kashe muryar, ba ni da bakin yin wa'azi. Matata kuma ta ce in na yaudari marainiya kar in ƙara ce mata ina sallah.

To jama'a ya zan yi? In gaya mata gaskiya ta shiga ɗakin miji ta san da hannuna na share ubanta, ko in bar ta ta yi ta kuka a kan muryar wani tana cewa Baba?