Babanka Ya Ƙi Cin Abinci

Zuwa ga ɗana Idi a Abijan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina lafiyarka, ina aiki, ina zaman baƙunta? Mu nan Tabla sai haƙuri.

Mutumin da muka ɗauka yana yi wa babanka wanka ya tafi haƙar zinariya, ya ce ladan ya yi kaɗan. Ni kuma ba ni iya ɗaga shi. Ran Laraba ya ɓata shimfiɗa, dole matarka ta wanke shi, ita da ko sunanshi ba ta faɗi. Tun ranar ya juya fuska bango, ko fura ya ƙi. Ya ce mani, "In ban ci ba, ba ta sake ganina haka."

Ka sa mu addu'a, ka gaida abokan zamanka. In za ka zo, kada ka jira kaka.

Mahaifiyarka, Rabi