Ƙofar Sabar

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Ya ƙafar Inna? Na koma ga wasiƙa ne tunda ka daina ɗaga wayata.

Ka san ajin sabar, wato ɓangaren manhajar kwamfutar da na gina wa laburarenmu na manhajoji, wanda kowa zai ɗauka ya tayar da hidimarsa a intanet. Na tsara shi ya tashi a kulle, ba ya sauraron kowa sai na'urar da yake ciki, har mai shi ya buɗe da kansa. Jiya Manaja ya tsaya a kaina da kofin shayinsa, wai kullen yana wahalar da sababbin shiga, a bar ƙofa a buɗe tun farko. Na ce masa mutane ba sa karanta bayani, kwafa suke yi su liƙa. Wani a ƙaramin asibiti zai kwafi misalinmu, gari ya waye bayanan marasa lafiya suna bakin titi. Ya yi dariya ya ce, “Anti, kin cika karanta littattafan tsoro.” Anti! Mutumin da ni na koya masa karanta saƙon kuskure a kwamfuta.

Ka san ƙa'idarmu, gyara ba ya shiga sai mutum biyu sun sa hannu. Ya sa nasa, na hana nawa. Kai kaɗai ka rage. Na san shi ya kawo ka aikin nan, amma ni na goya ka. Kada ka sa.

Ka gaishe da yara.

Yayarka

Zuwa ga ƙanena,

Ina gaisuwa, da fatan an tashi lafiya.

Na gani. “Ya yi kyau,” abin da ka rubuta ke nan a ƙarƙashin gyaran. Da ma ba ka karanta ba ne, da na sami abin kare ka. Amma ka karanta, don har waƙafin da ya manta ka gyara masa. Sannu da ƙoƙari.

Sabon gyaran ya fita da safe. Kafin azahar na rubuta a dandalin masu amfani da laburaren, da sunana, cewa sabar ɗin yanzu a buɗe yake tashi, na nuna musu layin da za su ƙara su kulle. Mutane suna ta godiya, wasu suna zagi. Manaja ya rufe ƙofar ofishinsa, ya aiko a ce in same shi gobe, in zo da katin shigata. Wannan ajin kamar ɗa yake a wurina.

Ban faɗi wanda ya sa hannu na biyu ba, kuma ba zan faɗa ba. Sai dai tarihin gyare-gyarenmu a fili yake, da sunan duk wanda ya sa hannu, masu tambaya kuma sun iya karatu.

Kada Inna ta ji. Allah ya kiyaye ka.

Yayarka, har yanzu