Amsar da Kika Rataya a Wuyan 'Yan Fim

Tashar 'yan acaɓa,
Ƙafin Maiyaki.

Ya ke Mubaraka, sanyin idanuna, tauraruwar Ɗansoshiya, rake mai zaƙi tun daga gindi har kai, ruwan farkon damina mai tayar da ƙamshin ƙasa, inuwar ɗorawa ga wanda rana ta dafa a kan hanya! Amincin Allah ya tabbata a gare ki, tare da gaisuwa wadda takardar nan ba za ta iya ɗauka ba. Ina fatan kina lafiya, Baba da Inna suna lafiya, an kuma soma shigo da amfanin gona cikin nasara. Idan kin tambayi tawa lafiyar, jiki dai sai godiya. Zuciya ce take kwana a turmi, ana kirɓa ta ba dare ba rana.

Kafin in shiga abin da ya sa na ɗauki biro, ina so ki dubi rubutun nan da kyau. Hannuna ne. Ba a rubuta mini ba, ba a kuma gyara mini ba. Malaminmu na ajin manya ya ɗaga littafina a gaban jama'a, cikinsu har da masu furfura, ya ce a yi koyi da Balarabe. Na so in aiko miki da saƙon murya kamar yadda na saba, sai na tuna yadda yayarki ta buɗe na baya a tsakar gida mata suna sussuka, har aka riƙa maimaita kalmomina a bakin rijiya ana shewa. Maganar mataimakin shugaban wannan tasha ba abin tsakar gida ba ce. Takarda kuwa ba ta ɗaga murya. Na damƙa ta ga ƙawarki Saudatu, wadda ta zo cin kasuwa, ta kuma yi mini alkawarin daga hannunta sai naki.

Ya ke barewar da ta fi ƙarfin tarko, kin tuna yammacin nan? Ni dai ko an tashe ni daga barci zan zana shi. Bayan la'asar ne, a ƙofar gidanku, kina gefe ɗaya na tabarma ina ɗaya gefen, mun jingina wayata da buta muna kallon kashi na ƙarshe na fim ɗin nan namu, na 'yar mai fito da samarinta biyu. Ga tela mai haƙuri da kunya, ga direban babbar mota mai baki kamar an shafa masa zuma. Dattawa suka zaunar da ita a bakin kogi, suka ce ta faɗi wanda take so. Ta ɗago kai. Ta buɗe baki. Sai kiɗa ya tashi, fuskar waya ta yi baƙi, wani rubutu ya fito. A lokacin ban iya karatu ba, ke kika karanta mini, cewa sai mun haɗu a zango na biyu. Kunyar da na ji ran nan ita ta kai ni ajin manya, ko da yake ban taɓa gaya miki ba.

A nan ne na ga ƙofa ta buɗe, na tattaro ƙarfin halina na tambaye ki ko in turo magabatana. Kika ja mayafi kika rufe rabin fuska, idanunki suna dariya, kika ce: "Ita ma ai ba ta faɗi nata ba. Ranar da ta ba da amsarta, ka zo mu kalla tare, ni ma sai in ba ka tawa."

Wayyo ni Balarabe! Na hau babur ran nan kamar an naɗa ni sarauta. Na ɗauki wata tsohuwa da buhunta har ƙofar gida ina yi mata waƙa. Me zai hana? Ai masu shirya fim ɗin sun riga sun sanar cewa Ƙaramar Sallah za su saki zango na biyu. Na ce a raina, azumi ne kawai tsakanina da farin ciki, kuma wa ya taɓa mutuwa don jiran azumi ya wuce?

Ƙaramar Sallah ta zo, na sa sababbin kaya, na tafi rumfar Habu mai tura fina-finai a waya tun bai gama share wurin ba. Ya ce an ɗage, wai ana gyaran sauti. Na haƙura, domin ni ma na san aikin ƙwarai ba ya son gaggawa. Suka ce Babbar Sallah. Babbar Sallah ta zo, aka ci nama aka siɗe hannu, suka ce kogi ya cika ya hana su ɗauka. Kogi! Mutanen da suka shirya fim a kan 'yar mai fito, yanzu su ne ruwa ya ba mamaki? Ashe ba su san damina tana zuwa kowace shekara ba? Da sun tambaye ni, da na nuna musu wuri a bakin Tiga inda za su girke kwalekwalensu su yi aikinsu lafiya. Bayan wannan sai aka ce mai fitowa a tela ya yi fushi da darakta. Aka ce sun shirya. Aka ce sun sake ɓatawa. Masarar da na shuka bayan alkawarinsu na farko ta tsiro, ta yi bunni, ta yi goyo, ta bushe, na karye ta, amma yarinyar nan tana nan zaune a bakin kogi da baki buɗe!

Kin san matsayina a wannan fanni, ya ke hasken farin wata a daren sha huɗu, ba sai na yabi kaina ba. A tashar nan babu tallar fim da za ta fito ba a kawo mini ita in duba ba. Daga tallar kaɗai nake faɗin wanda zai mutu da wanda zai tuba, kuma da wuya in kuskure. Direbobin da ke zuwa daga Tudun Wada sukan tsaya su tambaye ni abin da ke tafe. Yanzu haka akwai manyan fina-finai da aka ce suna nan fitowa bayan kaka. Akwai na mafarauta da aka ɗauka a cikin daji, akwai wani na barkwanci a kan mai unguwar da ya sayi injin niƙa, ga kuma wata fassarar Indiya da aka ce jarumin ya tare jirgin ƙasa da ƙirjinsa. A da, da irin wannan labari nake kwana ina tashi, ina lissafin ranaku kamar mai jiran haihuwar saniya. Yau kuwa duk sun zame mini tuwo ba miya. Me zan yi da mai tare jirgin ƙasa, ni da na kasa tare kalma ɗaya daga bakinki?

Tallar zango na biyu ita kaɗai nake kallo, na kalle ta har wayar tana zafi a hannuna. Akwai wurin da aka hasko wani ɗaki da sabon jere, na tsayar da hoton, na hango ƙafar keken ɗinki a bayan labule. Na ce tela ne ya yi nasara. Majalisarmu ta rabu biyu a kan wannan, 'yan tela da 'yan direba, har shugaba ya hana a tayar da zancen lokacin aiki. Su musu suke yi don nishaɗi. Ni kuwa raina ne a kan faifai, domin na rasa gane ko amsar yarinyar ce za ta zama taki. In kuwa haka ne, ina kika ajiye ɗan acaɓa? Ni ba tela ba, ni ba direban babbar mota ba. Ina da haƙurin wancan, ina da tuƙin wannan. Wanne za ta zaɓa in yi murna, wanne za ta zaɓa in yi kuka?

To, ga abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru. Jiya na je wurin Habu kamar kullum, ya dube ni yana murmushin da ban so ba, ya ce in zauna tukuna. Wai labari ya bazu cewa yarinyar da ke fitowa a 'yar mai fito an sa mata rana. Aure za ta yi, na gaske, ba na fim ba. Ke ma kin san yadda abin yake: macen fim in ta shiga ɗakin miji, ba kasafai ake sake ganin ta a gaban kyamara ba. Wato mai yiwuwa bakin nan da ta buɗe ba za ta taɓa rufe shi a kan sunan kowa ba.

Habu bai bar ni haka ba, sai da ya ƙara da cewa ke yarinya ce mai wayo, kin san 'yan fim ba su san ranar cika alkawari ba, shi ya sa kika rataya ni a wuyansu. Ya ce wannan shi ake kira kora da hali, in da ni mai ganewa ne. Mutane suka yi dariya. Na miƙe na gaya masa cewa Mubaraka 'yar mutunci ce, 'yar gidan mutunci, kuma daga yau ko zan tafi Kwanar Ɗangora a ƙafa don a tura mini fim, ba zan sake miƙa masa wayata ba. Na faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Amma ya ke zumar farar saƙa, ba zan ɓoye miki ba, maganarsa ta shige ni kamar ƙayar aduwa a tafin ƙafa. A gaban mutane na taka daidai. Da na kaɗaita sai na soma ɗingishi.

Shin gaskiya ya faɗa? Wasa kika yi ran nan, irin na 'yan mata, wanda kunya ke sa su yi, ni kuma na ɗauke shi da nauyin hukuncin alƙali? Ko kuwa ƙofa kika rufe mini a hankali don kada ƙararta ta ba ni kunya? Idan wasa ne, ya isa haka, ya kai inda ya daina ba da dariya. Idan kuwa ɗayan ne, ashe tun azumi nake gadin rijiyar da ba ruwa?

Ki dubi halin da nake ciki da idon rahama. Na gama ɗaki, na yi masa rufin kwano, na shafe shi da siminti ciki da waje, na sa taga mai kallon gabas don iska ta riƙa samun ki. Baffana Zakari, wanda shi zai jagoranci masu zuwa gidanku, ya kira ni ya ce shi ba zai tsufa yana jiran 'yan wasan kwaikwayo ba. Da zarar dawa ta shiga rumbu zai tafi kudu fataucinsa, ba kuma zai dawo ba sai ruwa ya sauka. Ya tambaye ni, cikin fushi, ko a zamanin nan sai an nemi izinin darakta kafin a nemi aure. Na sunkuyar da kai kamar ƙaramin yaro. Ni da nake raba gardama a tasha! Dawa kuwa ta riga ta sunkuya, Mubaraka. Kullum na wuce gonaki sai in ga kamar da gangan take saurin nuna.

Ki yi tunani a kan wannan kuma. Ita kanta yarinyar da kika ce mu jira, ba ta jira ba. Wani ya je ƙofar gidansu ya yi tambaya irin tawa, ta amsa masa, ba ta ce ya dakata sai an gyara sauti ko sai kogi ya janye ba. Ta bar tela, ta bar direba, ta bar darakta, ta bar ni, ta kama gabanta. Ban ga laifinta ba, Allah ya ba su zaman lafiya. Amma in wadda aka gina sharaɗin a kanta ta tsallake shi, don me ni kaɗai zan zauna a ƙarƙashinsa kamar kaza a akurki?

Saboda haka ga roƙona, ina yin sa da ladabi, gwiwoyina a ƙasa. Ranar Juma'a bayan la'asar zan zo ƙofar gidanku. Ba zan zo da sabon fim ba, ba zan zo da talla ba, wayar ma a gida zan bar ta, abin da ban taɓa yi ba tun da na mallake ta. Ki fito ki gaya mini da bakinki. Idan e ce, a ranar zan wuce wurin Baffa tun kafin in cire hula, kuma na yi miki alkawari duk fim ɗin da zai fito daga nan har ƙarshen rayuwata, ba zan kalli ko farkonsa ba sai kina gefena, ko da duk tashar nan za ta ba ni labarinsa a kunne. Idan kuwa a'a ce, ki faɗe ta ke da kanki. Zan iya ɗaukar ta daga gare ki. Abin da ba zan iya ba shi ne in ci gaba da karɓar ta kaɗan-kaɗan daga bakin mutanen da ba su ma san an halicce ni ba.

Ni ne mutumin da ya fi kowa ɗokin zango na biyu a ƙasar Kiru, kowa ya shaida. Amma in kin ce a'a, ya ke Mubaraka, to su yi ta ɗagewa har duwatsun Riruwai su narke. Ba ni da sauran tambayar da zan yi wa Habu ko waninsa, domin ba ni da wadda zan kalla da ita.

Ki isar da gaisuwata ga Baba da Inna cikin girmamawa.

Ni ne naki, wanda bai taɓa ɗage alkawarinsa ba, ba kuma zai ɗage ba har ranar da za a karya masa kara,

Balarabe Mainasara,
Mataimakin Shugaban 'Yan Acaɓa,
Ƙafin Maiyaki.