Ƙunar da Ka Tona a Gaban Mama

Zuwa ga Yaya Shunpei, sanyin raina, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ɗumin kofin shayi a tafin hannuna ranar hunturu, muryar da nake tsinta cikin hayaniyar ɗakin cin abinci tun kafin ta kira sunana, kuma babban maci amanar da na taɓa riƙe wa gwiwar hannu!

Idan yatsunka suka ji ɗigon rubutun makafin nan ya ɓula takarda, kada ka zargi allon rubutun. Ni ce nake danna tsinken kamar a bayan hannunka nake dannawa. 'Yan mata masu ido suna kiran samarinsu wata da tauraro. Ni ban taɓa ganin ko ɗaya ba, shi ya sa nake kiranka da abubuwan da na taɓa na kuma shinshina da kaina. Ashe har da ƙaya a cikinsu!

Ka tuna ranar da na dawo daga gwajin aiki a shagon taliyar Baba Manabe? Muna zaune a bencin bayan ɗakin kwana, iska na kawo mana ƙamshin lemon lambun makaranta, bakina ya ƙi rufuwa. Na ba ka labarin yadda ake naɗe kwaɓin taliyar udon a leda a hau a yi ta takawa, da yadda diddigena ke gaya mini lokacin da ya yi laushi. Na faɗa maka abin da tsohon ya ce: "Ke 'yar nan, ƙafarki ta fi idon ɗana gani. Gama makarantar ki dawo." Ka yi dariya har bencin ya girgiza, ka ce, "Wato ni in yi ta murza bayan tsofaffi, ke kina tattaka abincinsu?" A nan ne na ja hannun rigata na hagu, na ɗora yatsanka a kan ƙunar da ruwan tukunya ya yi mini. Ka hura wurin a hankali, ka ce babu wanda zai ji. Ni kuwa, shashasha, na yarda.

Ka san dokar zaman tsara makoma, tunda bara aka yi naka kafin ka wuce sashen tausa. Malama Kuramoto ta maimaita mini: zaman nawa ne, ni zan zaɓi masu zama, ni zan fara magana, sauran aikinsu taimako. Mama ta zama dole, da ita Malama, da jami'in samar da aiki. Kujera guda ta rage, na ba ka ita. Ina da ƙawaye, ina da yaya mace, amma na zaɓe ka, domin na san da zarar Mama ta fara jan hanci harshena nauyi yake yi, kuma na ɗauka idan muryata ta karye taka za ta tallafe ta. Wayyo ni, ashe da hannuna na buɗe wa ɓera rumbu!

Na faɗi abin da nake so, ban yi in'ina ba. Mama ta ce, "Haba Tomoe, tausa sana'a ce mai takardar shaida, makafi sun ci abinci da ita tun kaka da kakanni. Shekara uku ce fa, kuma kina nan inda kika san kowane lungu." Malama ta ce, "Mama, a bari ta ƙarasa." Na ƙarasa. Jami'in har ya shiga maganar motar da zan riƙa hawa daga gidan Goggona, inda zan zauna a can garin mai nisa, zuwa shagon. Ina jin Mama ta fara sauka. Sai ka gyara murya, na ji rigarka ta motsa kana rusunawa da ladabin nan naka da ke sace zuciyar iyaye, ka ce, "A gafarce ni da katsalandan, amma da an duba hannunta na hagu."

Kai! Da wane baki? Mama ta finciko hannun rigata ta fashe da kuka, jami'in ya rufe biro, aka ɗage zaman zuwa Alhamis. Baba Manabe kuma ya faɗa tun farko, idan wata ya ƙare bai ji daga gare mu ba, to zai ɗauki wani.

Kada ka ce tausayina kake ji, masoyina. Kai da allurar jinyar da kuke koyon tsirawa a sashenku ke sukarka kullum, waye ya kai ƙararka gida? Wane mai girki ne a duniya, mai ido ko marar ido, da fatarsa ba ta san tafasasshen ruwa ba? Ba ƙuna ce ta tsorata ka ba. Nisan garin ne, da benci babu ni, da tunanin wata rana zan san hanyar da kai ba ka sani ba. Da ka ce mini, "Tomoe, ina tsoron ki tafi," da na rungume ka mun yi kukan tare. Amma ka ji kunyar faɗa wa mutum ɗaya, sai ka tona ni a gaban uku. Matsoraci! Kuma abin takaicin, ina rubuta matsoraci zuciyata na tsalle don sunanka ne a sama.

Ga roƙona, in ma roƙo ne. Kujerarka na ba Baba Manabe, ya ce zai rufe shago ya zo, don haka ranar Alhamis kada in ji sandarka a bakin ƙofa. Amma kafin ranar, ka je gidanmu. Ka zauna gaban Mama, ka yi rusunawar taka, ka gaya mata ainihin dalilin da ya sa ka yi magana. Tana jin taka fiye da tawa, wannan ma wani ciwon ne, amma na haɗiye shi.

Idan ka je, na rantse duk ranar hutu zan hau jirgi in zo maka da taliyar da ƙafata ta taka, in zauna in ji kana zuƙarta. Idan ba ka je ba, za ka samu abin da ka nema. Zan shiga sashen tausa, in zauna a gefenka har ka gama, ba zan so wani ba, ba zan kula wani ba, kuma ba za ka ƙara jin muryata ba. Kai makaho ne kamar ni, ka san mutumin da bai yi magana ba ba ya ɗakin.

Taka har ƙarshen numfashi, ko daga nesa da murya ko a kusa da shiru,

Tomoe