Ruwa a Man Motar Baba

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara, kuma aiki bai sha kanka ba. Mu ma nan muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Baba yana gaishe ka, wai in tambaye ka ko har yanzu kana taka birki kamar mai kashe kunama.

Ka tambayi idonsa. Likita bai canza magana ba: sugan ya riga ya yi ɓarna, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a lallaɓa wanda ya rage. Dokar da ka kafa kuma yana bin ta, ba ya wuce unguwa da motar. Daga gida sai masallaci, sai kantin magani, ya biya wurin mai jarida su taɓa hira, ya dawo. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan babbar bas daga gari zuwa gari, yanzu tafiyarsa ba ta kai ya sa giya ta uku.

Ranar Asabar na same shi a gareji ya buɗe bonet, murfin baƙin mai a hannunsa, yana murza wani abu da yatsa. Na duba na ga cikin murfin ya yi fari-fari, kamar madarar da ta lalace. Nan da nan na kira Dogo bakanike. Ya duba ruwan lagireto ya ga bai ragu ba, ya zaro ƙarfen awon mai ya ga man bai sauya launi ba, ya ce gasket, wadda ke hana ruwa shiga cikin mai, lafiyarta ƙalau. Baba ya ce ai shi ya san haka tun kafin a kira kowa.

Ya zaunar da ni kamar lokacin da yake koya mini tuƙi. Ya ce duk injin da ke ƙona fetur yana fitar da tururi, wani ya fita ta salansa, wani ya sulale cikin injin. In ƙarfen da sanyi, tururin sai ya kwanta a jikinsa kamar raɓa, ya gangara cikin mai. In an yi doguwar tafiya man ya yi zafi sosai, ruwan zai ƙone ya fice. Amma shi kafin man ya ɗumama ya riga ya kashe motar a ƙofar masallaci. Ga damina, ga sanyin safiya. Kullum ana ƙara ruwa, ba a kwashewa, har ya fara cin ƙarfe daga ciki.

Na ce to ya riƙa barin ta a kunne a tsaye ta daɗe kafin ya fita. Ya yi dariya, ya ce a tsaye inji ba ya saurin zafi, ƙarin ruwa kawai zan tara mata. Ko allurar zafi ta hau, ruwan lagireto take aunawa, shi mai yana can baya bai kamo ba. Sai ya ce, "Auta, motar nan hanya take so." Na gane abin da yake roƙo, a bar shi ya kai ta da kansa. Na ce Dogo ya juye man, ni kuma zan fita da ita da zarar mun gama jarrabawa a makaranta.

Ka gaishe mini da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku lafiya. Kafin ka karanta sauran, ka sani Baba yana gida, babu ko ƙwarzane a jikinsa.

Ranar Laraba na dawo daga makaranta na tarar gareji a buɗe, babu mota. Na je masallaci, na je kantin magani, mai jarida ya ce tun hantsi ya ga wucewarsa, bai tsaya ba, ya miƙe hanyar fita gari. Wayarsa kuwa tana kan tebur kusa da kofin shayinsa. Ban san yadda zan kwatanta maka wunin nan ba. Dogo ya ɗauke ni a motarsa muka yi ta bin hanya, duk inda na hango mutane sun taru a gefen titi sai in rufe ido.

Rana ta yi sanyi sai wani mai facin taya ya kira ni. Lambar wayata ce kaɗai Baba ya haddace. Mai facin ya ce akwai wani dattijo da ya tsaya gaban rumfarsa tun azahar, ya ba shi benci da ruwa, amma sai yanzu ya yarda a kira gida.

Da muka isa, motar tana ajiye tsaf a gefen hanya, an ja birkin hannu, har da dutse a bayan taya. Mai facin ya ja ni gefe ya ce wata babbar mota ce ta taho daga gaba, Baba bai gan ta ba sai da iskarta ta girgiza shi. Nan ya sauka daga titi, bai sake kunna motar ba.

Na taho da faɗa cike da bakina, Yaya. Amma yana jin muryata ya tashi, ya lalubi bonet ya buɗe, ya kwance murfin man. Ya kai shi kusa da fuskarsa, ya matsar da shi nesa, ya juya shi wajen haske. Can ya miƙo mini ya ce, "Duba mini, ya tafi?"

Na duba. Ya ragu sosai, sai ɗan kaɗan a gefe. Na faɗa masa. Ya ce alhamdu lillahi, ya mayar da murfin, ya zagaya ya buɗe ƙofar mai zaman banza ya shiga. Ban taɓa ganinsa a wannan kujerar ba tun da aka haife ni. Na yi tuƙi har gida hawaye na zuba, shi kuma bai san ina yi ba.

Don Allah in ka kira shi kada ka yi masa faɗa.

Taka,
Auta

Yayana,

Assalamu alaikum, tare da fatan kuna lafiya, kuma zazzaɓin ƙaramar ya sauka. Na gode da ka ji maganata. Baba ya ce kun yi hira mai daɗi, ba ka ta da zancen ba.

Washegarin abin ya ajiye mini makullin motar a kan littattafan ɗalibaina. Ya ce kada in riƙa zuwa makaranta da ita, tafiyar ta yi kusa, ciwonta zai dawo. Masallaci yanzu da ƙafa yake zuwa, yana bin jikin katanga, ya ƙi sanda. Ya rame. Yakan wuni a ɗaki rediyo na magana, ba na jin yana sauraro.

Duk Asabar nakan fita da motar bayan gari. Da farko ya ƙi bi na, ya ce shi ba kaya ba ne da za a ɗora a zagaya da shi. Makon jiya dai ina kunna ta na gan shi a bakin gareji da hularsa. A hanya ya lumshe ido ya jingina, yana gaya mini lokacin sauya giya da kunne kawai, bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Wani wuri ya ce, "Kin ji? Yanzu man ya yi zafi." Ni ban ji komai ba, amma na ce na ji.

Da muka dawo bai fita nan da nan ba. Ya zauna hannunsa a kan gwiwa, ya tambaye ni yaushe ne hutunka. Na ce ban sani ba, aikin naka ba ya sakin mutum. Sai ya ce in rubuta maka wannan yadda ya faɗa, kada in gyara: "In zai zo, ya yi ƙoƙari ya iso da rana. Da rana ina ɗan gane fuska."

Na rubuta, Yaya. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Auta