An Rufe wa Mak Gas

Prabumulih, ranar Lahadi.

Zuwa ga yayana Kak Bahtiyar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da Ayuk Marlina da yara kuna lafiya a can Tarakan, Allah Ya sauƙaƙa maka ciwon bayan nan. Mu ma nan lafiya lau. Mijina Herman yana nan yana fama da gonar roba, ruwan sama kuma kullum. Mahaifiyarmu Mak tana ci tana sha, jiki kam garau, sai dai mantuwar da ka sani ta ƙaru. A kanta nake rubuto maka, domin na yi wani abu ban shawarce ka ba, gara ka ji daga bakina.

Makon jiya na dawo daga kasuwa na tarar da gidan ya cika da warin gas. Mak ta murɗa murhu, wuta ba ta kama ba, ta manta ta koma falo tana ta gyaran shinkafa. Da na buɗe tagogi na yi mata magana sai ta ce in daina mata ihu, ita tana girki tun ban san hannun damana ba. Da tukunyar gas ce da sai mu ɗauke mu ce ta ƙare. To ka san namu na bututu ne, wanda marigayi Baba ya yi ta fafutuka aka jawo mana, ba ya ƙarewa. Herman ya rufe makunnin bayan murhu, ta buɗe abinta. Ya cire robar da ke kai gas cikin murhun, na kama ta tana ƙoƙarin mayarwa da igiya. Sai ya ce babu mafita sai kamfani ya zo ya toshe daga mita.

Ashe ban ma san kamfanin da ke ba mu gas ba, Baba ne ke hulɗa da su, bayansa kuma Herman yana biya a shagon kan kwana ba tare da ya taɓa tambaya ba. Rubutun jikin mitar rana ta cinye shi. Na tambayi maƙwabciyarmu Bik Asnah, ta ce oho, ita dai wuta ta kama mata, ko aljanu ne ke hurowa ba ruwanta. Na je ofishin da ke kusa da kasuwa, na yi zaman layi, wata mai fara'a ta duba ta ce unguwarmu ba tasu ba ce, layin dogo ne iyaka, duk wanda ke ƙetarensa na ɗaya kamfanin ne. Na hau babur na tafi can. Wani dattijo ya tambaye ni ko tashi za mu yi daga gidan, na ce a'a. Ya ce to me ya yi zafi, mutane roƙo suke a jawo musu, ni ina roƙon a yanke? Na faɗa masa. Sai ya ce tasa mahaifiyar ma haka ta yi kafin ta rasu. Na ce Allah Ya jiƙanta. Wallahi Kak, kamar labarin wata nake bayarwa, ban ji komai a raina ba.

Ranar Alhamis da hantsi ma'aikacinsu ya zo, wani mai ƙiba da ake kira Pak Rusdi. Na roƙe shi tun daga ƙofa kada ya faɗa mata abin da ya kawo shi. Mak na ganinsa ta washe baki, ta ce wannan tumbi ai da gani matarsa ta iya girki, shi kuma ya ce ai saura kaɗan ta kashe shi da yunwa, wannan duk iska ce. Suka yi ta dariya. Ya zaga bayan gida ya yi aikinsa, ya ɗaura wata 'yar waya a mitar, ya dawo zai yi sallama. Nan Mak ta ce ina, babu baƙon da ya taɓa fita daga gidan mijinta Haji Somad bai sha gahawa ba, ya zauna. Ta shiga kicin ta ɗora buta. Muna falo muna jin murhun yana ƙas ƙas, ta murɗa ta sake murɗawa. Pak Rusdi ya sunkuyar da kai yana juya hularsa. Ni kuwa ina kallon bango.

Can ta fito riƙe da butar, ta tsaya a gabansa ta ce ya yi mata haƙuri, ba rowa ba ce, hannunta ne ya manta yadda ake kunna wuta. Ba ta zargi murhun ba, ba ta zarge ni ba, kanta ta ɗora wa laifi. Tun daga ranar ba ta sake taka kicin ɗin ba. Da yamma nakan dafa a tukunyar lantarki in kai mata, ta karɓa ta ce na gode, kamar baƙuwa. Abin da nake so ke nan, ga shi na samu, gidan ba zai kama da wuta ba. Na jira kuka ya zo bai zo ba, ina cin abincina ina barcina, wannan ne ma yake ba ni tsoro.

In ka kira ta kada ka ce kana marmarin girkinta yadda ka saba. Ka yi mata zancen yara kawai.

Ka gaishe mini da Ayuk Marlina, da Fadli da Wulan. Herman da Bik Asnah suna gaishe ku. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Nurbaiti