Zannuwa Uku na Umma

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya haskaka makwancinki. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ki ba. An koya mana a makaranta cewa a saman wasiƙa ake rubuta adireshi, ni kuwa ban san abin da zan rubuta ba, shi ya sa na bar wurin haka. Ko da kina da rai ma ban taɓa iya kallon idonki in yi dogon zance ba, don haka rubutun ya fi mini sauƙi.

Gero ya nuna, an fara yanka. Akuyarki ja ta haifi biyu, ɗaya bai zo da rai ba. Ƙanena Habibu ya daina kuka, amma har yanzu idan aka zuba masa tuwo sai ya gutsura ya ajiye a gefen kwano, wai naki ne. Baba ya rame. Idan ya dawo daga gona yakan zauna gindin dalbejiya har a kira magariba, ba ya ko kunna rediyo.

Babban labarin shi ne ranar Asabar za a tafi da ni Kano, gidan yayarki Inna Hajara. Bari in faɗa miki yadda aka yi.

Kin tuna lokacin da muke cikin garin Daura? Ba a biki a unguwarmu sai ke kika fitar da anko. Kabad biyu ne a ɗakinki, cike da tangaran da samiru da kuloli waɗanda ba a taɓa zuba ko ruwa a cikinsu ba, kuma ni nake goge su duk Juma'a. Akwatunanki har sun kusa taɓa rufi. Sai ƙawarki Hajiya Mairo ta rasu, kina cikin waɗanda suka yi mata wanka. Da kika dawo ba ki ci abinci ba. Na ji kina gaya wa Baba cewa da hannunki kika naɗe ta a farin ƙyalle, kuma kafin a dawo daga maƙabarta 'yan uwanta sun fara gardamar wa zai ɗauki leshinta mai duwatsu. Kika ce kin gaji da yi wa kwanuka bauta.

Daga nan kika daina anko. Kika lallashi Baba ya bar hayar gidan birni, muka dawo gonarsa a ƙauyen nan na kusa da Sandamu. Kafin mu taso kika rabar da komai, kuma ni ce 'yar aike. Yau ƙullin atamfa a ƙarƙashin hijabina, gobe kuloli a cikin buhu kamar na kai niƙa. Duk gidan da ake shirin aurar da yarinya babu abin jere, kin san shi. Kika kama kunnena kika ce ko Baba kada ya ji sunan kowa, domin sadakar da aka yi shelarta ta zube, kuma amaryar da aka san da kayan wata aka yi mata jere ba za ta ƙara ɗaga kai a gidan miji ba. Na ce to. Ban taɓa ce miki komai ba sai to.

Kin bar wa kanki zannuwa uku. Ɗaya a jiki, ɗaya a igiya, ɗaya na zuwa unguwa. Dangi suka yi ta magana, wasu suka ce Baba ne ya karye, wasu suka ce iska ce ta taɓa ki. Ke kuwa sai ƙiba ma kika yi. A ƙauyen nan na fara jin kina waƙa idan kina tankaɗe.

Zazzaɓin da ya ɗauke ki bai ba kowa lokaci ba. Inna Hajara ba ta samu jana'iza ba, sai washegari ta iso. Bayan addu'ar bakwai ta ce a fito da kayanki a gani, tun da kakarmu Hajiya tana da rabo a ciki. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mata suka kewaye. Akwati ɗaya aka fito da shi. Da aka buɗe sai ga zani biyu, domin na ukun yana kan igiya tun ranar da kika kwanta, babu wanda ya iya sauke shi. Sai hijabi, da carbi, da man zafi.

Shi ke nan abin da ke ciki, Umma.

Inna Hajara ta tafa hannu ta yi salati. Ta ce ita ta yi miki jere da hannunta, ta san abin da kika mallaka, ƙanwarta ba tsirara aka kai ta gidan miji ba. Ta ɗaga murya yadda maza za su ji daga zaure, ta ce an cinye ki da rai, an mai da kayanki taki da iri, sannan aka kawo ki daji aka bar ki kika mutu. Baba yana zauren, tare da mutanen da suka zo masa gaisuwa. Me zai ce? Bai san inda kayan suka tafi ba, kuma kin san shi ba zai yi sa-in-sa da yayar matarsa ba. Tun daga ranar idan ya shiga kasuwar Sandamu sai ya ga ana nuna shi da baki.

Ranar arba'in ta dawo da maganar. Ta ce ba za ta bar 'yar ƙanwarta a hannun wanda ya kasa riƙe uwar ba. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ba Baba ba ne, ke kika bayar da kanki, kuma ni na kai. Ta ce to madalla, 'yar nan, wa kika kai wa? Faɗi suna ɗaya tak, in je in tambaya, in dawo in durƙusa in roƙi ubanki gafara.

Suna ɗaya kawai, Umma. Kuma ga Talatu zaune a gabana, marainiyar nan ta bayan tsohon gidanmu, ta zo tun daga Daura tare da uwar mijinta. Leshinki ruwan toka ne a jikinta, an rage masa hannu. Ni na kai shi, tare da samiru shida. Uwar mijin nan har gobe tana yabon kawunnan Talatu da suka yi mata kayan ɗaki na mutunci. Na dube ta. Ta sunkuyar da kai tana gyara goyonta. Na jira ko za ta yi magana da kanta. Ba ta yi ba.

Ni ma ban yi ba. Na koma na zauna. Inna Hajara ta ce kun gani ko, har ƙarya an koya mata.

Yanzu ki gaya mini, na yi daidai? Na rufa wa Talatu asiri, na bar Baba da sunan macuci. Da kika kama kunnena, kin yi tunanin ranar da ba kya nan? Kin yi wa kanki sauƙin tafiya, ba ki bar abin da za a yi faɗa a kansa ba, sai ga shi a kan babun ake faɗan. Ba ina ganin laifinki ba ne. Tambaya kawai nake yi, tun da babu wanda zan tambaya.

Baba bai hana tafiyar ba. Ni ce ta fari, ba zai buɗe baki a gaban surukai ya ce yana son 'yarsa a kusa da shi ba. Jiya dai da zan wuce da tulu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, abin da aka ba ni amana in ci gaba da riƙewa, shi ya saba da rana. Ashe ya gane. Na so ya yi mini faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Na yi kewar kabad ɗin nan. Ranar bikin 'yar ajinmu kowa da anko, ni kaɗai da kayan Sallar bara, na ɓuya a bayan ɗaki har aka tashi. Yanzu Inna Hajara ta ce ta ɗinka mini kala biyar, ga takalma, ga waya. Abin da yake ba ni tsoro shi ne raina yana so. Ina tsoron nan da shekara guda in saba, in fara jin kunyar ƙauyen nan, in wayi gari ni ma na yarda cewa wahala kika sha. Ni kaɗai na ji waƙarki ta tankaɗe. Idan na manta, wa zai shaida cewa da farin ciki kika zauna?

Yau na sauke zanin nan daga igiya. Rana ta cinye gefe ɗaya. Ban wanke shi ba, na ninke na sa a ƙasan jakata, ƙarƙashin littattafai, inda Inna ba za ta gani ba. Habibu zai zauna wurin Goggo, ƙanwar Baba. Akuyar kuma Baba ya ce shi zai riƙa yi mata ciyawa.

Sai wata rana, Umma. Allah Ya jiƙan ki, Ya karɓi abin da kika ɓoye, Ya wanke Baba ta hanyar da ba sai na yi magana ba.

Ni ce 'yarki ta fari, wadda ba ki taɓa kiran sunanta ba,
Bilkisu.